Yadda mai karatu zai rage tulin littattafan da yake burin karantawa

A da, matsalar mai son karatu a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Wudil ita ce samun littafin. Mutumin Dagumawa ko Utai ko Lajawa da ke neman wani littafi na musamman sai ya jira ranar da zai shiga Kano, ya ratsa Kasuwar Kurmi idan na addini ne, ko ya nufi Sabon Gari idan na boko ne, ko kuma ya ba wani mai tafiya sautu. Littafin da aka samu da irin wannan wahala kuwa ba ya kwana ba a buɗe shi ba.

Yau lamarin ya juya. Ɗalibin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, ko malamin firamare, ko matar aure da ke cikin zaurukan karatu na WhatsApp da Telegram, kowannensu na iya sauke littattafai 20 a wayarsa kafin a kira sallar Isha'i. Ana turo su, ana yaba su, shi kuma yana adanawa da niyyar zai karanta idan ya samu sarari. Bayan shekara biyu ko uku sai a tarar da ɗaruruwan littattafai jibge a waya, wasu kuma a kwali ƙarƙashin gado, mai su bai san sunan rabinsu ba. Japanawa suna da kalma guda da suke kiran wannan ɗabi'a da ita, wato tsundoku, ma'ana tara littattafai a bar su ba a karanta ba.

Wani zai ce ai tarin littafi ba ya cutar da kowa. Lissafi kaɗan zai nuna inda gizo ke saƙar. Mutumin da ke karanta shafi 10 kullum ba fashi, wanda ba ƙaramin ƙoƙari ba ne ga mai aiki da iyali, zai karanta shafi 3,650 a shekara. Idan kowane littafi na da shafi 250, littattafai 14 ke nan da ɗoriya. In jerin da ya tara ya kai littafi 300, yana bukatar shekara 20 da rabi kafin ya ga bayansa, da sharaɗin ba zai ƙara ko guda ba. In kuwa yana ƙara uku a kowane mako, jerin zai riƙa ƙaruwa da kusan littafi 140 duk shekara, komai himmarsa.

Asarar kuɗi da ta data ita ce mai sauƙi. Babbar asarar ita ce littattafai biyar ko shida da za su amfani mutum ƙwarai a halin da yake ciki suna nutsewa cikin ɗaruruwan da ba su da wata alaƙa da bukatarsa. Idan ya samu rabin awa na hutu, sai ta ƙare wajen duba sunaye da tunanin wanda zai fara, daga nan ya koma kallon bidiyo.

Darasi daga makarantun zaure

Ƙasar Hausa ta daɗe da magance wannan matsala a fagen ilimin addini, tun kafin a san waya. Almajirin ilimi da ya zauna gaban malami a zaure ba shi yake zaɓen abin da zai karanta ba, kuma ba ya tara littattafai goma a lokaci guda a fanni ɗaya. A fiƙihu ana farawa da ƙanana irin su Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi, a wuce Iziyya, sannan Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, sai Askari, kafin a kai ga Muhtasar na Shaihu Halil. A nahawu ana soma wa da Ajuruma, a bi ta Mulha da Ƙaɗrun Nada, sannan a tunkari Alfiyya ta Ibn Malik mai baiti kusan dubu. Malamai kan ɗan sha bamban wajen jerantawa, amma ƙa'idar ɗaya ce: ba a buɗe na gaba sai an sauke na hannu.

Abin lura a wannan tsari shi ne littattafan Malikiyya da na nahawu ba su ƙirguwa, kuma malaman sun san da su sarai. Da gangan suka taƙaita hanyar zuwa littattafai kaɗan, kowanne yana share wa na gabansa fage. Ɗalibin da ya ɗauki Muhtasar bai sauke Risala ba zai sha wahalar banza, domin an rubuta Muhtasar a dunƙule ne saboda wanda ya riga ya san mas'alolin. Wato jerin karatu mai amfani yana da farko da tsakiya da ƙarshe. Tarin littattafan da ke cikin waya ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun. Wanda aka turo jiya shi ne a sama, ko da kuwa ya kamata ya zo a ƙarshe.

Akwai kuma wani abin koyi a wurin Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo. A littafinsa Ida'un Nusuk ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu, ciki har da yayansa Shaihu Usmanu. Jerin abin da aka riga aka karanta ne, tare da sunan wanda ya karantar. Masana tarihi na dogara da shi har yau wajen sanin yanayin ilimi a wannan yanki kafin jihadi. Mai karatu na zamani zai amfana idan ya buɗe irin wannan rajista, ko a bayan littafin rubutu ne, ya riƙa sa sunan duk littafin da ya gama da watan da ya gama shi. Bayan shekara guda wannan rajista za ta gaya masa gaskiyar saurin karatunsa da irin abin da yake iya kaiwa ƙarshensa, kuma da wannan ma'auni ne ya kamata ya yanke tsawon jerin burinsa.

Tankaɗe da rairaya

Aikin farko shi ne a haɗa komai wuri guda, na waya da na kwali da waɗanda aka rubuta sunayensu a takarda, a ƙirga. Yawancin mutane ba su taɓa ƙirgawa ba, kuma adadin kaɗai kan sa mutum ya shiga taitayinsa. A nan ne ake gano littafi ɗaya an sauke shi sau uku da sunaye daban-daban. A nan ne kuma masu karanta labaran Hausa ke gano cewa suna ɗaya a jeri na iya zama littattafai uku ko huɗu, domin tun zamanin Adabin Kasuwar Kano marubuta suka saba fitar da labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku. Wanda yake da na ɗaya da na uku, ba shi da na biyu, ko dai ya nemo cikon ko ya cire labarin baki ɗaya.

Daga nan sai a ware littattafan da ba don a karanta su daga bango zuwa bango aka yi su ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, da manyan tafsirai masu mujalladai da yawa, da kundayen shari'a ko na likitanci, duk na dubawa ne lokacin bukata. Wurinsu taska ne. Sanya su cikin jerin karatu yana kumbura shi ne kawai, yana kuma ɗora wa mutum bashin da ba a binsa.

Wannan bambanci shi ne amsar masu kafa hujja da marubucin nan na Italiya, Umberto Eco, wanda ya tara littattafai kusan 30,000 a gidansa, kuma Nassim Taleb ya yi amfani da labarinsa a littafin da ya fitar a 2007 don nuna cewa littattafan da ba a karanta ba suna da daraja, saboda suna tuna wa mutum yawan abin da bai sani ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma Eco mai bincike ne, littattafan kayan aikinsa ne kamar yadda maƙera ke tara ƙarafa. Bai taɓa ɗaukar su a matsayin alkawarin da zai cika ba. Wanda yake da wurin ajiya da kuɗin saye, ya tara taska abinsa. Jerin abin da zai karanta bana kuwa dole ya zama gajere.

Abin da ya rage bayan an ware na dubawa shi ne ake bi ɗaya bayan ɗaya da tambaya mai sauƙi: me ya sa aka ajiye wannan? Idan mutum ya kasa tuna dalili, littafin ya fita. Idan dalilin shi ne ana ta maganarsa a bara, yanzu kuma ƙurar ta lafa kuma bai ji wani marmari ba, shi ma ya fita. Haka wanda aka ajiye saboda jarrabawar da aka riga aka rubuta, ko sana'ar da aka fasa. Mafi wuyar cirewa su ne waɗanda aka ajiye don kunya, wato littattafan da mutum ke ganin bai dace a ce mai ilimi kamarsa bai karanta su ba. Waɗannan sukan shekara goma a jeri suna hararar mai su. Gara a zaɓi guda daga cikinsu a sa masa wata takamaimai, sauran a sallame su.

Amma a yi hattara da wani kuskure. Idan ana rage jeri, hannu kan fi saurin kaiwa ga tsofaffin littattafai, a bar sababbi saboda su ake yayi. Ga mai karatun Hausa wannan asara ce, kuma ko ta fuskar lissafi ba ta da riba. Littattafai biyar da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East, dukansu gajeru ne. Mai karanta shafi 10 a rana zai iya gama su cikin 'yan makonni, ya samu tushen da zai auna duk abin da aka rubuta bayansu, daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Labari ɗaya na intanet mai babi ɗari na iya cin lokacin da ya fi na biyar ɗin a haɗe.

Ga littattafan da mutum ya rasa yadda zai yi da su, akwai dabarar wata ma'aikaciyar ɗakin karatu a Amurka, Nancy Pearl. Ta ce a ba littafi shafi 50. Idan bai kama zuciya ba, a ajiye shi. Wanda ya haura shekara 50 kuma ya cire shekarunsa daga 100, abin da ya rage shi ne adadin shafukan da zai gwada, don haka ɗan shekara 70 shafi 30 ya ishe shi. Tunda littattafan Hausa da dama ba su kai shafi 100 ba, ana iya mayar da ma'aunin kashi ɗaya bisa biyar na littafin. Sai dai wannan dabara ta karatun nishaɗi ce. Ba a jefar da Alfiyya ko littafin lissafin injiniya don shafukan farko sun yi tauri. Irin waɗannan malami suke bukata.

Bayan an gama, abin da ya dace ya rage shi ne gwargwadon abin da mutum ya karanta bara, da ƙarin biyu ko uku. Ga mai shafi 10 a rana, littafi 16 zuwa 17 ke nan. A jera su bi da bi kamar yadda malaman zaure ke yi, mai sauƙi kafin mai wuya, a rubuta su a takarda. Takarda ta fi manhaja tabbas: lokacin da dandalin OkadaBooks, wanda marubutan Hausa da dama suka sayar da labaransu a kansa, ya rufe a ƙarshen 2023, an ga yadda abin da ke hannun wani kamfani zai iya gushewa. Sabon littafi ba ya shiga jerin sai wani ya fita, ko dai an gama shi ko an haƙura da shi. Duk wanda aka yaba wa mutum a zaure, ya rubuta sunansa a gefe ya bar shi wata guda. Da yawa marmarinsu kan mutu kafin watan ya cika.

Na cikin waya gogewa kawai suke bukata, kuma yana da kyau a fara da waɗanda aka yaɗa ba da izinin marubutansu ba, abin da marubutan Hausa suka daɗe suna kuka da shi. Na takarda kuwa sai an nema musu gida, domin kwalin da ya kwana damina biyu a ƙasa rabon gara ne da laima. Makarantun sakandare da Islamiyyu na yankin Wudil, da masallatai masu ɗan kabad na littattafai, da ƙannen da ke shirin jarrabawa, duk wurare ne da littafin da ya zama kaya a wani gida zai samu mai buɗe shi. Kafin a bayar, a duba cewa shafukan sun cika, a kuma tabbatar littafin ya dace da shekarun waɗanda za a ba. Waɗanda suka lalace har ba sa karantuwa, idan akwai ayoyi ko sunayen Allah a cikinsu, a tambayi malamin unguwa yadda za a kawar da su cikin mutunci, kada su ƙare a hannun masu ƙulla ƙosai da gyaɗa.