Yaɓen Haƙoran Gaba: Kwana Nawa Yake Yi?

Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san yaɓe ba a ce masa an gama. Ranar da magini ya sauko daga tsani katanga sumul take, amma bari damina uku ta bi ta kanta. Abin da ya faɗo mini a rai ke nan ranar da wata ƙanwata ta ja ni bakin taga, ta ɗage leɓe ta ce, "Yaya, duba mini nan." Shekara biyar ke nan da aka lulluɓe mata haƙoran gaba huɗu da abin da likitoci ke kira kwamfozit. Daga nesa babu laifi. Da na matso sai ga wani siririn layi ruwan ƙasa ya bi gindin haƙori inda ya haɗu da dasashi, sheƙin nan na farko ya dushe kamar tsohon faranti, gefen guda kuma ya ɗan ɓantare, bai kai ƙwayar gero ba.

Shi kwamfozit haɗi ne na wani irin ƙaron roba da garin gilashi mai tsananin laushi. Kafin a iya liƙa shi ya zauna sai da aka sha wahala. A 1928 wani likitan Kalifoniya, Charles Pincus, yana yi wa 'yan fim ɗin Hollywood rufin haƙora, amma na aro ne, a sa a ɗauki fim a cire. Sai a 1955 Michael Buonocore ya nuna cewa in an shafa wa farin ɓawon haƙori asid, yakan yi ƙananan ramukan da ido ba ya gani, roba ta shige ciki ta riƙe. A farkon shekarun 1960 Rafael Bowen ya haɗa ƙaron da ake kira Bis-GMA, wanda har gobe shi ne ƙashin bayan yawancin kwamfozit.

Aikin kansa abin kallo ne. Likita zai killace haƙoran kada miyau ya taɓa su, don miyau kaɗan ya isa ya ɓata liƙin. Ya shafa asid mai ƙarfin kashi 37 cikin 100 na sakan 15 zuwa 30, ya wanke, ya busar, haƙorin ya yi fari fat kamar alli. Sai gam, sai kwamfozit ɗin, kaɗan-kaɗan, yana ɗorawa yana lallaɓawa da ɗan buroshi, kowane shafi ya haska masa shuɗiyar fitila ya daskare nan take. A zama ɗaya mutum zai tashi da sabon murmushi, kuɗin kuma bai kai na rufin tangaran ba, wanda sai an auna baki an kai ɗakin ƙira an dawo.

To, a wurin daskarewar nan aka shuka matsalar gobe. Kwamfozit yana tsukewa kaɗan idan ya daskare, wajen kashi biyu zuwa uku cikin ɗari na girmansa, yana kuma tsotsar ruwa a hankali tsawon shekaru. Ga zafin shayi, ga sanyin ƙanƙara, kullum yana miƙewa yana takurewa fiye da haƙorin da ke ƙarƙashinsa. Bakin gaɓa shi ke fara gajiya, launi ya sami wurin maƙalewa. Layin da na gani a bakin ƙanwata ke nan.

Binciken da ya fi burge ni shi ne wanda Marco Gresnigt da abokan aikinsa na Jami'ar Groningen a Holan suka fitar a 2019. Dabararsu ita ce a baki ɗaya su sa wa wasu haƙora kwamfozit, wasu tangaran, yadda ba za a ce wannan mai tsafta ne wancan ƙazami ba. Bayan kusan shekara goma na tangaran duk suna nan, na kwamfozit kuwa kashi 75 cikin 100 suka tsira, waɗanda suka tsiran ma sun fi dushewa da sauya launi. Mutanen ba su da yawa, kuma kwamfozit ɗin nasu irin wanda ake ƙerawa a waje ne a zo a liƙa, amma saƙon a fili yake. Tun a 2015 Flávio Demarco da tawagarsa a Pelotas ta ƙasar Barazil suka tattara bincike-binciken da aka yi kan kwamfozit a haƙoran gaba, suka ga abin da ke lalacewa a shekara bai wuce kashi huɗu da ɗoriya cikin ɗari ba. Karyewa ce kan gaba. Ruɓewa, wadda ke addabar cikon turame, ba ta cika damun na gaba ba. Inda kuwa aka yi aikin don ado, sau da yawa muni ke sa a sake shi: yana nan daram, mai shi ne ya daina son ganinsa a madubi. Haƙorin da aka kashe wa jijiya ya fi saurin ba da matsala, haka ma bakin mai gurza haƙora cikin barci, wanda sai an yi masa robar kwana.

Waɗannan alƙaluma daga bakunan wasu ƙasashe suka fito, namu bakin kuwa da nasa aikin. Goro yana rina haƙorin Allah ma, balle roba. Ga shayi mai kauri safe da dare, ga taba. Da haƙoran gaba muke ɓare rake, mu yagi kilishi, mu tsinke zare, wasu har marfin lemo suke buɗewa da baki. Mai goge baki da gawayi ko toka kuwa kankare sheƙin yake yi da hannunsa, kuma da zarar fuskar ta yi kaushi, launi ya sami gida. Maganin faranta haƙora ba ya cin kwamfozit: na asalin su yi haske, yaɓen ya tsaya inda yake, baki ya zama kala biyu.

Duk da haka, ni ban ga tangaran ya yi nasara kai tsaye ba. Kafin a liƙa shi yawanci sai an fiƙe fuskar haƙori wajen rabin milimita, ɓawon haƙori kuwa ba gashi ba ne, in ya tafi ya tafi. Kwamfozit sau da yawa ɗora shi kawai ake yi, ba a taɓa haƙorin ba ko an ɗan kankara. In ya ɓantare a cike wurin, in ya dushe a goge, in ya tsufa a sauke a sake. Ga budurwa 'yar shekara ashirin, wadda haƙoran nan za su yi mata hidimar shekara hamsin ko fiye, tambayar da ta fi "kwana nawa zai yi" ita ce: ranar da aka cire shi, me za a tarar a ƙasa? Abin da ke ba ni takaici shi ne masu zuwa a toshe musu wushirya, abin da mawaƙanmu suka gaji da yabo, don sun ga hotuna a Instagram. In dai sai an yi, gara da abin da za a iya cirewa ranar da aka yi nadama.

Ƙanwata ta koma wurin likita. Bai sauke komai ba. Ya bi gefunan da 'yan fayafayan gogewa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ya cike ɓantaren, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Layin ya ɓace a haƙora uku, a na huɗun ya riga ya shige ƙarƙashi, ya ce wannan sai an sake shi nan gaba. Ya ce ta riƙa leƙowa duk shekara. Da muka fito ta sayi rake a bakin titi, ta ce wa mai raken ya yanka mata ƙanana-ƙanana.