Aikin Likita a Kan Maras Lafiyar da Aka Kwantar a Asibiti: Misali Daga Pantami, Gombe

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana aikin likita a kan maras lafiyar da aka ba gado, ta yin la'akari da mutanen Pantami a cikin garin Gombe. Mazaunin wannan unguwa yakan fara da ƙaramin asibitin sha-ka-tafi. Idan ciwo ya ci tura, sai a tura shi Asibitin Ƙwararru na jiha, ko kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda aka kafa a matsayin Cibiyar Lafiya ta Tarayya a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Gombe, aka kuma ɗaga darajarsa a 2014.

2.0 Matakan Likitoci

Bahaushe kan kira duk mai farar riga "likita", alhali kuwa likitocin ma hawa-hawa ne. A asibitin koyarwa, babban likita ƙwararre shi ne mai alhakin maras lafiya, kuma da sunansa ake ba da gado. A ƙarƙashinsa akwai likitoci masu neman ƙwarewa, sannan sababbin likitoci masu aikin sanin makama na wata 12, waɗanda kan zagaya sassan cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Na ƙasan nan su ne ke kwana a asibiti. Shi ya sa yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa na 2021, wanda ya ɗauki kimanin wata biyu, ya jijjiga asibitocin gwamnati a faɗin ƙasar.

3.0 Zagayen Safe da Matsalar Bayani

Ginshiƙin aikin shi ne zagayen safe. A nan likita ke duba awon zazzaɓi da bugun jini da ma'aikatan jinya suka rubuta, ya karanta sakamakon gwaji, ya sauya magani, ko ya ba da umurnin ƙarin ruwa ko jini. Sai dai mafi yawan wannan shawara da Turanci ake yin ta a kan maras lafiya, shi kuwa yana kwance yana kallo. Gombe gari ne na Fulfulde da Hausa da Tangale da Tera da Bolanci, don haka sau da yawa wani ɗan'uwa ne ke yin tafinta, kuma kunya kan sa a rage magana, musamman in ciwon na mata ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sanar da maras lafiya halin da yake ciki da hanyoyin magani, ta kuma wajabta rufe sirrinsa. Tafintan gida kan warware buƙata ta farko, amma ya ɓata ta biyu.

Abin lura a nan shi ne, kalmar "majinyaci" kanta takan ɗauki ma'anar mai ciwo da mai kula da shi. Wannan ya dace da abin da ake gani, domin dangi ne ke sayo magani, su kawo abinci, su ba da jini.

4.0 Sallama

Ikon sallama na likita ne. To amma idan kuɗi suka ƙare, ko dangi suka ga gara a koma na gargajiya, sukan nemi tafiya da mutuminsu. Likita ba shi da ikon tsare baligi mai hankali. Abin da ya rataya a wuyansa shi ne ya fayyace haɗarin da harshen da za a fahimta, kafin a sa hannu a takardar fita ba da shawararsa ba.