Farin da sufa gulu ke bari a kan roba ba alamar jabu ba ne

Maganar da ke yawo a bakin kanikawan babur da masu gyaran waya a Jere ita ce jabun sufa gulu ya cika kasuwa. Hujjar ɗaya ce. Mutum ya liƙa murfin fitilar babur da ya tsage, ko ya mai da idon tabarau mazauninsa, gari na wayewa ya tarar wurin ya yi fari, hazo ya rufe robar da jiya take garai-garai. Mai shago ya sha zagi, a tafi wani shagon a sayo wani, a sake samun abu guda.

Ba na musun akwai jabun kaya a kasuwanninmu. Amma wannan farin ba shaida ba ne, domin gam na ainihi ma haka yake yi. Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗauka cewa gam ɗaya ne ya fi kowane ƙarfi, don haka shi ya dace da komai, daga takalmi har gilashi.

Sinadarin da ke cikin ɗan bututun nan sunansa sayano'akirilet. Wani masani Ba'amurke, Harry Coover, ya ci karo da shi a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana neman roba mai haske da za a yi madubin saitin bindiga da ita. Ya ajiye shi gefe saboda yana manne wa duk abin da ya taɓa. A 1951, a kamfanin Eastman Kodak, shi da Fred Joyner suka sake gwada shi wajen neman robar da za ta jure zafi a rufin wurin zaman matuƙin jirgin yaƙi, sai ya liƙe musu na'urar gwajin kanta. Nan suka gane abin da ke hannunsu, ya shiga kasuwa a 1958.

Sufa gulu ba bushewa yake yi ba, a ma'anar da muka sani. Danshi ne ke daskarar da shi, ɗan danshin da ke jikin abin da aka liƙa da wanda ke cikin iska. Shi ya sa yake kama yatsa nan take. In an shafa shi siriri tsakanin abu biyu da suka haɗu daidai, cikin daƙiƙu ya kama. In kuwa aka tsiyaya shi da yawa, kamar yadda akasarinmu ke yi don a ƙara ƙarfi, saman ne kawai ke daskarewa, na ciki ya zauna ruwa. Wannan ragowar ce ke tashi ta zama tiririn da ke yaji a ido da hanci. Tiririn ya haɗu da danshin iska, ya daskare, ya sauko a kan abin da ke kusa a matsayin farin gari. Duk mai girki ta san tururin tukunya ba ya ɓacewa in an rufe ta, a jikin marfi yake taruwa. Fitilar babur rufaffiya ce, tiririn ba shi da hanyar fita, sai ya kwanta a cikin murfin, inda hannu ba ya kai wa a goge.

Kuma yana da inda ya fi so ya sauka: wurin da yatsa ya taɓa, saboda gumi da maiƙon da ya bari. Tun ƙarshen shekarun 1970 'yan sanda a Japan suka fara amfani da wannan hali, suna turara kayan da ake zargi da tiririn gam ɗin har zanen yatsan mai laifi ya fito fari. Wato abin da muke kira lalacewa, wasu da gangan suke nemansa, kuma da gam na ainihi. Lokacin hunturu farin ya fi tsananta, don iska ta bushe, gam na jinkirin kamawa, tiriri na samun lokacin tashi.

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan ciwo su ne masu harhaɗa ƙananan samfuran jiragen sama na roba, irin na kamfanonin Airfix na Ingila da Tamiya na Japan. Mutum ya yi makonni yana fenti, ɗigo ɗaya ya dusashe rufin matuƙi. A nan kusa, ɗaliban zanen gine-gine a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan kan gina samfurin gida da kwali da katako, su sa robar haske a madadin taga, kuma tagar ce ke fara tona asirin gam ɗin da aka yi amfani da shi. Ga irin wannan aiki farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, ya wadatar. Fari ne a kwalba, ya bushe ya zama garau, ba ya tiriri, abin da ya malalo kuma tsumma mai laima ya ɗauke shi. Ƙarfinsa kaɗan ne, amma tagar da ba ta kai nauyin takarda ba me za ta yi da ƙarfi? Haƙuri kawai yake bukata, a bar shi ya kwana.

Inda ake bukatar ƙarfi na gaske, sai gam mai bututu biyu da ake cakuɗawa, irin Araldite, a ɗiba da tsinke a bi gefe-gefe. Fitilar da ke shan jijjiga da ruwan sama a hanyar Jere zuwa Kagarko ta fi son silikon, wanda ke lanƙwasa ba ya tsagewa. Sufa gulu da ya daskare gautsi ne da shi, ga shi yana iya sa robar fitila ta yi ƙananan tsagu. Bokiti da jarka kuwa ba ya kama irin robarsu sam, ko na wane kamfani ne.

In babu makawa sai shi, a wanke robar da sabulu ta bushe, a sa ɗan ɗigo da bakin allura, a bar abin a buɗe inda iska ke kaɗawa, kada a rufe sai washegari. A guji cusa auduga a tsagar, domin haɗuwarsu na fitar da zafin da ke ƙona fata. Idan farin ya riga ya fito, man goge baki da tsumma mai laushi kan rage shi. Ruwan cire jan farce yana narkar da gam ɗin, amma yana cin robar ma, sai a kan gilashi na gaske.

Da yawa daga cikin wannan bayani yana jikin kwalin, cikin Turanci, da ƙananan haruffan da ko mai tabarau sai ya matsa ido. Kaya ne da ake sayar wa yara a kan tebur tare da alewa da ashana, yana liƙe fatar ido cikin daƙiƙa. Hukumomin da ke ba shi izinin shigowa za su iya sharɗanta layi uku na gargaɗi da Hausa, kuma mai tebur a kasuwar Jere zai iya karanta wa wanda ya zo saye.