DUTSEN DA KE SHAN RUWA: TAFIYAR ƘASA DAGA TIBIRI ZUWA JIRATAWA

A ƙasar Faransa, kudu da birnin Pari kamar kilomita 60, akwai wani daji da ake kira Fontenbulo. Dajin cike yake da farin rairai da manyan duwatsu, wani kamar rumbu, wani kamar ɗaki. An shata wata hanyar ƙafa a cikinsa, an yi mata alama da jan fenti bisa duwatsu. Tsawonta wajen kilomita 16 ne, tana hawa tudu 25 tana sauka. Ranar hutu mutanen birni sukan fito su bi ta tun da safe har la'asar. Ba kasuwa za su ba, ba gaisuwa ba. Waɗansu in sun iske dutse mai wuyar hawa sai su shimfiɗa katifa a gindinsa, su hau da hannu da ƙafa, su sauko, su wuce na gaba. A kudancin Ingila ma akwai irin waɗannan duwatsu, ana bin su ɗaya bayan ɗaya ta cikin gonaki da kurmi.

Manomi zai yi dariya ya ce wannan aikin mai cikakken rumbu ne. Gaskiyarsa. Amma mahayan nan suna da wata doka da ta shafe mu. In an yi ruwa ba su hawa, sai dutsen ya bushe. A Ingila kuma ba a barin igiya ta gogi bakin dutsen, don tana cin sa kamar yadda igiyar guga ke cin itacen bakin rijiya. Dalili shi ne, dutsen na rairai ne. Yana shan ruwa, in ya sha kuwa ƙarfinsa ya ragu.

Irin wannan dutse muna da shi a ƙasar Maraɗi. Namu dai bai miƙe tsaye ba balle a hau shi. Kwance yake ƙarƙashin gonakinmu, rairai ya rufe shi. Wanda ya bi gulbi da ƙafa daga Tibiri, ya ratsa Maraɗi, ya kai Jiratawa, bisa kansa yake tafiya. Tafiyar wajen kilomita 25 ce. Mai ƙarfi ya yi ta wuni guda, mai son ya duba da kyau ya kwana Maraɗi.

YAYA RAIRAI YA ZAMA DUTSE?

Tun da daɗewa, fiye da shekara miliyan 65, manyan koguna sun riƙa kwaso rairai da tsakuwa suna zubawa a wannan ƙasa. Lokacin babu ɗan Adam. Zamanin manyan dabbobin nan ne da aka tono ƙasusuwansu a ƙasar Agadas, aka kai gidan tarihi na Yamai. Rairai ya hau bisa rairai, na sama ya danne na ƙasa, laka ta shiga tsakani ta haɗa su. Da haka ya daskare ya zama dutse.

Kowa na iya gwada shi. Ku roƙi mai ginar rijiya ya ba ku gutsuren abin da ya fiddo daga ƙasa, mai ɗan tauri, fari ko ja-ja. Ku murza shi da yatsa: rairai zai zubo. Ku ɗiga masa ruwa: zai shanye, kamar sabon tulu. Sa'an nan ku ɗiga ruwa bisa dutsen niƙa mai tauri. Ruwan zai tsaya a kansa har rana ta busar da shi.

Tsakanin ƙwayar rairai da ƴar uwarta akwai ƴan ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Nan ruwa ke zama. Mutane da yawa suna zaton akwai kogi ko tabki a ƙarƙashin ƙasa. A ƙasarmu ba haka abin yake ba. Dutsen ne ke jiƙe kamar soso, rijiya kuwa rami ce da ruwan ke tsatsowa a ciki.

TIBIRI

A tashi daga Tibiri da asuba. Garin Gobirawa ne, Sarki Mayaƙi ya kafa shi a 1836, bayan yaƙin Gawakuke. Kafin a kama hanya ya kamata a tsaya bisa wani abu da ya faru nan, ko da yake ba shi da daɗin ji.

Wajen 1985 aka ba garin ruwan famfo daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Kowa ya yi murna. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗaci. Bayan ƴan shekaru sai aka ga haƙoran yara suna yin ja. Waɗansu ƙafafunsu suka lanƙwashe, waɗansu suka kasa tafiya. Iyaye suka yi ta neman magani, wani ya ce iskoki, wani ya ce sammu. Da aka auna ruwan sai aka iske wani sinadari da ake kira fuliyor ya yi yawa a ciki. Daga duwatsun can ƙasa yake narkewa, inda ruwa ya daɗe kwance. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori. In ya yi yawa yana ɓata ƙashin yaro mai tasowa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada ya wuce miligaram 1,5 a lita guda. Na Tibiri ya ninka haka sau uku ko fiye. Shekara wajen 15 ana sha kafin a daina, dubban yara kuwa abin ya taɓa. Da yawansu yau magidanta ne, suna ɗauke da alamar a jikinsu.

To, ku riƙe wannan. Zurfin rijiya ba shi ne lafiyar ruwa ba. Harshe ba ya jin fuliyor, tafasawa ba ta fidda shi, tacewa da ƙyalle ma haka. In an gina sabuwar rijiyar burtsatse a garinku, ko ta gwamnati ce, ko ta wani mai neman lada, mai gari da wakilan rijiya su tambayi ma'aikatan ruwa: an auna ruwan? Ina takardar? Wannan ba rashin godiya ba ne. In kuma kun ga haƙoran yaran unguwa guda suna ja gaba ɗaya, a faɗa wa likita.

TSAKANIN FADAMA DA JIGAWA

Daga Tibiri zuwa Maraɗi kada a bi kwalta. A bi hanyar amalanke ta bakin fadama. Gefe guda ga garake, mangwaro, gawo da kanya, ƙasa baƙa mai nauyi. Ɗaya gefen ga jigawa ta tashi, ƙasar hatsi da gyaɗa, da sabara da kalgo. Duk rijiyar da kuka iske ku leƙa, ku tambayi masu ɗiba gaba nawa ce igiyarsu. A fadama gaba kaɗan ta isa. Kuna hawa tudu igiya na ƙara tsawo, har ku kai inda sai da sa ko jaki ake jan guga. Rijiyar fadama daga rairan da gulbi ya zuba take sha. Ta tudu sai ta huda ta shiga tsohon dutsen rairai kafin ta sami ruwa.

Wurin da za ku ga cikin ƙasa ba da gina ba shi ne kwazazzabo. Duk inda ruwan tudu ya yanko ya faɗa fadama ya bar gaɓa a tsaye. Ku tsaya daga nesa ku duba. Sama rairan da iska ta kawo. Ƙasa da shi jar ƙasa, wani wuri da marmara. In kwazazzabon ya yi zurfi za ku ga layin tsakuwa masu santsi, mulmulallu kamar ƙwan zabo. Ruwa ne ya mulmula su. Ke nan kogi ya taɓa bi ta wurin, tun babu gari babu gona.

Na ce daga nesa, da dalili. Dokar mahayan Turai a nan take aiki. Gaɓa da rani tana da tauri, har yara na sassaƙa matakala a jikinta suna hawa. Da ta sha ruwan damina ta zama kamar danƙon gari: taɓawa kaɗan, ta zubo. Haka ramukan da ake ɗibar tsakuwa da ƙasar gini a gefen gari. Mai amalanke yakan bi tsakuwa mai kyau ya yi ta rarake gindin gaɓa, har ta yi masa rumfa a kai. Wannan rumfa kabari ce. A fara ɗiba daga sama, a bar gaɓa a kishingiɗe. Kwana biyu ko uku bayan ruwa kada kowa ya shiga. Rijiyar gargajiya marar siminti ita ma da damina ta fi rufta wa mai yasa.

MARAƊI

Tsohon birnin Maraɗi a cikin fadama yake, inda Katsinawa suka zauna bayan an ci Katsina a 1807. Kurmi ya ba su mafaka, ruwa kuma kusa. A 1945 gulbi ya cika ya cinye garin. Shi ya sa aka tashi aka hau tudu, aka shata titunan nan miƙaƙƙu da kuke gani. Hawa tudu bai raba garin da ruwa ba. Da can ruwan sama in ya sauka a jigawa nutsewa yake yi. Yau kwano da siminti da kwalta sun rufe ƙasa, sai ya taru ya gangara da gudu, yana yankar hanya yana cin gindin katanga. A ƙarshen watan Agusta 2024 an ga haka: ruwa mai yawa ya sauka cikin ɗan lokaci, gidaje suka faɗi, aka yi hasarar rayuka.

Ruwan famfon birnin daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi. Dutsen da ke shan ruwan sama kuwa ba ya zaɓe. Abin da aka zuba masa shi yake sha. Tsohon ramin ƙasa da aka mai da juji, ruwan rini, baƙin man mota, salgar da aka gina kusa da rijiya, duk suna bin hanya guda. A tudu, zurfi yana ɗan tsare mu. A fadama, inda ruwa ke kusa, babu wannan kariya. A bar aƙalla mita 30 tsakanin salga da rijiya, salgar kuma ta kasance ta gangare.

JIRATAWA

Daga Maraɗi a yi kudu, gulbi na hannun dama. Tun daga nesa za ku hangi kore ko da tsakiyar rani. Gandun noman rani ne na Jiratawa, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1980, ya fi eka 500 irin ta gwamnati, wato hekta. Ba daga gulbi ake ba shi ruwa ba, don gulbi ƴan watannin damina kaɗai yake gudu. Rijiyoyin burtsatse ne da injin lantarki ke jawo ruwa ya bi ƙananan magudanai na siminti. Zogalen da ake lodi zuwa Yamai, da tattasai, albasa da masara, duk ruwan ƙarƙashin ƙasa suka sha.

Nan ne ya kamata mai tafiya ya zauna a inuwa ya yi lissafi. Randa ce babba, ana ɗiba dare da rana. Wa ke zuba mata? Ruwan sama da ya nutse, da cikar gulbi in ya malala a fadama ya kwana. Gulbin daga ƙasar Katsina yake fitowa. Wajen 1990 aka gina masa madatsa a Jibiya, cikin Nijeriya, tun lokacin zuwansa ya canza. Masu garka kuma sun ƙaru, kowa da ɗan injinsa. Wanda ya bar ruwa na zuba a banza don ba shi ke biyan wuta shi kaɗai ba, randar kowa yake ragewa. Manomin tudu da ya bar ƴan itatuwa a gonarsa, ya tare zaizaya da kara ko jerin duwatsu, shi kuma zuba mata yake, ko bai sani ba.

INDA DUTSEN RAIRAI YA ƘARE

Wanda ya ci gaba kudu, ya wuce tabkin Madarunfa, ya nufi iyaka wajen Nyelwa, zai ga ƙasa ta sake. Duwatsu masu tauri sun fito fili, irin na niƙa, irin waɗanda ke tsaye a Damagaram. Su ne gindin ƙasa. Dutsen rairai bisa kansu yake zaune, kamar tuwo a cikin akushi. A kudu bakin akushin ya fito, in aka yi arewa sai ya nutse. Wannan dutse ba ya shan ruwa sai ta inda ya tsage. Shi ya sa a irin wannan ƙasa akan huda rijiya a tashi hannu wofi, shi ya sa kuma Damagaram ta daɗe tana jawo ruwanta daga nesa.

Amma ba mu ce kowa ya je ya gani ba. Shekarun nan ƴan bindiga sun addabi garuruwan bakin iyaka, suna satar shanu da mutane. Kada a wuce Jiratawa da ƙafa sai an tambayi hukuma da masu gari.

Tibiri zuwa Jiratawa kuwa, lokacinta shi ne sanyi, Disamba ko Janairu, an gama girbi, fadama ta bushe. Malamin lakwal da ke son kai ɗalibansa ya raba ta biyu, ya sanar da iyaye. A riƙe gora da malfa. A gai da masu garka kafin a ratsa, kada a taka fangali. Kowane yaro ya ɗauki igiya mai ƙulli a kowace gaba da ɗan littafi, ya rubuta sunan gari da zurfin rijiyarsa. A Jiratawa akwai motocin da ke komawa Maraɗi.