Cin abinci a gidan sushi na gargajiya a birnin Tokiyo

Tun shekara ta 1993 da gwamnatin Japon ta fara kiran taron TICAD domin shawara da ƙasashen Afirka a kan raya ƙasa, ma'aikatanmu suna zuwa can, wasu don taro, wasu don ƙaro ilimi. Wanda ya je, mai yiwuwa ne mai masaukinsa ya gayyace shi gidan sushi, domin a wurinsu karramawa ce babba. To amma mutumenmu da ya ji an ce ɗanyen kifi ne, sai zuciyarsa ta tashi tun bai zauna ba. Ya kamata masu karatu su san abin da ke cikin wannan gida, don kada baƙo ya kunyata wanda ya kashe kuɗi mai yawa saboda shi.

Kalmar sushi ba ta nufin ɗanyen kifi. Sunan abinci ne da ake yi da dafaffiyar shinkafa wadda aka gauraya da ruwan tsami da gishiri. A zamanin da, dabara ce ta adana kifi: a sa masa gishiri, a binne shi cikin shinkafa wata da watanni har ya yi tsami. Har gobe ana yin irin wannan a bakin tabkin Biwa. Wanda duniya ta sani yau, wato ƴar curin shinkafa da yankan kifi a bisa, sunansa nigiri, kuma a birnin Edo aka fara shi wajen shekarun 1820. Ana danganta shi ga wani mai sana'a, Hanaya Yohei. Edo ɗin nan shi ne aka sake wa suna Tokiyo a 1868. A lokacin abincin talaka ne, a bakin hanya ake saye a ci a tsaye, kamar yadda ake tsayawa wurin mai tsire.

Da yake babu firigo a wancan zamani, tilas ta sa masu sana'ar suka koyi gyaran kowane kifi. Wani a jiƙa shi cikin shoyu, baƙin romon waken soya mai gishiri. Wani, kamar ƙaramin kifin nan kohada, a barbaɗe shi da gishiri, a wanke, sa'an nan a tsoma shi cikin ruwan tsami. Wani kuma a dafa shi sarai. Ga wannan aiki ne ake gane gwani, kuma shi ne abin da baƙo yake biya, ko da yake ba a gabansa aka yi ba.

Gidan kansa ƙarami ne. Akwai dogon kanta na farin katako, kujeru takwas ko goma, mai gidan yana tsaye a bayansa da wuƙarsa. Sau da yawa ba a kawo takardar zaɓen abinci. Baƙo ya ce omakase, ma'ana na bar maka zaɓi, shi ke nan ya miƙa wuya. Mai gida ya san abin da kasuwa ta bayar da asuba, shi zai jera, galibi daga farin kifi marar maiƙo zuwa mai maiƙo, wainar ƙwai ta zo daga ƙarshe. Yakan ɗebi shinkafa mai ɗumi, ya shafa ɗan wasabi, wata koriyar saiwa mai yaji da ke hawa hanci, ya ɗora kifi, ya matsa da yatsu biyu, ya ajiye gaban mutum. Loma guda ce, kuma nan take ake ci. Wanda ya tsaya zance har shinkafa ta huce ya ɓata aikin.

Ci da hannu ba laifi ba ne, wannan kam ya zo mana daidai. Idan mai gida ya riga ya shafa romo, ba a ƙarawa. Idan kuwa za a tsoma, gefen kifi ake tsomawa, don shinkafa ta sha romo sai ta wargaje. Ba a shiga da turare mai ƙarfi, domin yana kashe wa maƙwabci ɗanɗano, abin da zai yi wa wasu manyanmu wuya. Akwai yankakkiyar citta mai tsami da ake ci tsakanin kifi da kifi. Suna ce mata gari, amma ba ta haɗa komi da garinmu ba.

Japanawa na cewa almajirin wannan sana'a sai ya shekara uku yana dafa shinkafa, takwas yana koyon curawa. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Jiro Ono, haifaffen 1925, mai gidan Sukiyabashi Jiro a unguwar Ginza, inda kujeru goma ne kawai. An yi fim a kansa a 2011, a ciki wani almajirinsa ya ce ya soya wainar ƙwai wajen sau 200 kafin maigida ya karɓi ɗaya. A gidan ne firaminista Shinzo Abe ya kai shugaban Amurka Barack Obama a watan Afrilu na 2014.

Abincin talaka dai ya zama na masu hali. Babban kifin teku da suke kira maguro, Faransawa kuma ton, a da ƙyamar maiƙon cikinsa ake yi, yau shi ne mafi tsada. A gwanjon farkon shekara ta 2019 a kasuwar Toyosu, wadda ta gaji ta Tsukiji a 2018, an sayi guda ɗaya mai kilo 278 a kan yen miliyon 333 da ƴan kai, fiye da miliyar ɗaya da rabi na kuɗin sefa. Neman suna ne ya fi yawa a irin wannan ciniki, amma yana nuna yadda ake rububin kifin. Mai ƙaramin ƙarfi yakan tafi gidajen da faranti ke yawo bisa bel, waɗanda aka fara a yankin Osaka a 1958. Za a ƙoshi, sai dai a yawancinsu inji ne ke cura shinkafar.

Musulmi ya sani cewa romon da ake shafawa yakan ƙunshi sake ko mirin, dukansu giyar shinkafa ce. Ya gaya wa mai masaukinsa tun kafin a kama wuri, domin a irin gidan nan ba a canza tsari a kan kujera. Kada kuma wani ya komo gida ya gwada da kifin kogin Kwara ko na tabkin Madarunfa. Kifin ruwan daɗi yana iya ɗauke da tsutsotsin da ke kama ɗan Adam, sai an dafa shi. Ko na teku ma yana da tasa tsutsar, anisakis, shi ya sa ma'aikatar lafiya ta Japon ta ce a daskarar da shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, aƙalla awa 24, ko a dafa.

Bayan an gama akan kawo koren shayi mai zafi. Ba a ba ma'aikaci tukuici a Japon, godiya da ɗan sunkuyar da kai sun isa, a tashi da wuri domin wasu na jiran kujerar.