Littattafan soyayya a salular yara: ta yaya iyaye za su gane na kirki?

Jama'a masu saurarenmu na Hawandawaki da kewaye, da ƴan uwa da ke ci-rani a Kano, Legas, Agadas ko Aljeriya, akwai maganar da ke yawan tasowa a gidaje yanzu. Yaro ko yarinya sun maƙale wa salula har tsakar dare, in an tambaya su ce littafi suke karantawa. Wane irin littafi ne? A hana, ko a ƙyale?

Daga ina suka fito?

Ƙagaggen labari da bokon Hausa ya haura shekara 90. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya ta sa gasar rubutu, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A shekarun 1980 kuma sai wani sabon yayi ya taso a Kano. Matasa, da yawansu mata, suka shiga rubuta labaran soyayya da zaman aure, su buga da kuɗinsu, su kai kasuwa. Shi ne masana ke kira Adabin Kasuwar Kano. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Ahmed Funtuwa suna cikin waɗanda suka yi tashe, kuma irinsu sun ƙetaro iyaka har ƙasarmu.

Yau takarda ta ja baya, labari ya koma waya. Marubuta na sakinsa shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Wattpad, farkonsa kyauta, in ya ɗauko daɗi a ce sai an biya. Wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube, ka ga ke nan ko yarinyar da ba ta taɓa shiga lakwal ba tana iya sauraren littafi sukutum tana aikin gida. Kano tana da hukumar tace finafinai da littattafai tun 2001, amma abin da ke yawo a waya babu mai tace shi. Da mai kyau da na batsa, duk hanya ɗaya suke shigowa.

Hanawa kaɗai ba ta wadatar ba. A 2007 gwamnan Kano na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya jagoranci ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a, amma rubutun bai tsaya ba, masu karatu ma ba su daina ba. Abin da ya rage wa iyaye shi ne su iya tantancewa.

Ma'aunin da za a riƙe

Na farko, a duba inda labarin ya dosa. Littafi na iya kawo mugun hali don ya nuna ƙarshensa. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, Alhaji Abdu ya wulaƙanta uwargidansa Rabi, ya kore ta da ƴaƴanta saboda amarya. Rabi ta kama sana'ar abinci ta riƙe yaranta, shi kuwa dukiyarsa ta salwanta. Wannan ya sha bamban da littafin da namiji ke dukan mace ko ya yi mata fin ƙarfi, sannan marubuci ya nuna wai tsananin so ne.

Na biyu, a ga abin da jarumar ke yi da kanta. A Wa Zai Auri Jahila?, na ita Balaraba ɗin, an cire Abu daga makaranta an aurar da ita ga dattijo, amma daga baya ta koma karatu ta tsaya da ƙafarta. Marubuciyar ita ma an yi mata aure tana ƙarama, ta san abin da take faɗi. A yanki irin namu, inda ake yawan cire ƴan mata daga lakwal don aure, irin wannan labari abin tattaunawa ne tsakanin uwa da ɗiya.

Na uku, a lura da burin da littafi ke cusawa. In kowane saurayi ɗan biloniya ne mai jirgin sama, yarinya za ta rufe waya ta dubi ɗan uwanta mai noman hatsi da wake ta ga bai kai ba. Nan ne ake samun rainin miji tun kafin aure.

Na huɗu, batsa. In shafi ba zai karantu a gaban iyaye ba, to bai dace da ɗan shekara 14 ba.

Me ya kamata a yi?

Hanya mafi sauƙi ita ce a ce wa yaro ya karanto babi guda da ƙarfi bayan sallar isha'i, ko a kunna muryar kowa ya ji. Daga nan a tambaye shi: wa ya burge ka, wa ya yi kuskure, da kai ne me za ka yi? Uwar da ba ta iya boko ba ma tana iya wannan, don ta fi yaron sanin rayuwa. Ku kuma ƴan ci-rani da ke aiko da salula da kuɗin intanet, in kun kira gida ku riƙa tambayar sunan littafin da ake karantawa da wanda ya rubuta shi.

Karatun yana da riba. Yaran da ke koyon faransanci a aji, a waɗannan labarai ne da yawansu ke gogewa da karatun Hausa, harshen da Nijar ta ayyana a matsayin harshen ƙasa a 2025. Kuma tun 2016 BBC Hausa ke shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata. Yarinyar da aka koya wa bambance labari mai kyau da maras kyau tana iya ɗaukar alƙalami ta rubuta na ƙauyensu ta aika.