Darren Stevens: Ɗan kurket ɗin da aka sallama sau biyu, ya ƙi tafiya

Idan aka ce ka lissafo 'yan wasan Ingila, na san ƙwallon ƙafa za ka nufa kai tsaye. To yau ajiye Firimiya a gefe, mu leƙa wasan kurket, wanda ake jefo ƙwallo wani ya make ta da faffaɗar sanda. Akwai wani bawan Allah mai suna Darren Stevens da ya kamata ka san labarinsa, musamman idan kana ganin lokaci ya wuce ka.

A Ingila da Wales gundumomi 18 ne ke da manyan ƙungiyoyin kurket. Kakarsu daga Afrilu zuwa Satumba take, kuma wasa ɗaya kan ɗauki kwana huɗu, sau da yawa gaban 'yan kallo ƙalilan. Kwantiragi kuwa gajere ne. Idan kaka ta ƙare ba a sabunta maka ba, shi ke nan, sai ka nemi abin yi.

An haifi Stevens a birnin Leicester a 1976, ya fara buga wa Leicestershire a 1997 a matsayin mai dukan ƙwallo. A 2004 suka sallame shi, sai Kent ta ɗauke shi a 2005. A can ne ya ƙara wa kansa sana'a ta biyu, wato jifa. Jifarsa ba ta da sauri, amma yana ajiye ƙwallon inda yake so, ta riƙa karkacewa tana ruɗa mai duka. A kurket babban abu ne mai jifa ya fitar da mutum biyar a zagaye ɗaya. Stevens bai taɓa yin haka ba sai da ya kai kusan shekara 35, lokacin da sa'o'insa ke shirin ritaya. Daga nan kuma ya mayar da abin ruwan sha.

A 2019, yana da shekara 43, Kent ta sanar cewa ba za ta sabunta kwantiraginsa ba. Ka san me ya yi? A watan Satumba suka je filin Headingley karawa da Yorkshire. An fitar musu da mutum biyar suna da maki 39 kacal, sai ya shigo ya tara 237 shi kaɗai, mafi yawa a rayuwarsa, sannan ya karɓi ƙwallo ya fitar da mutum biyar a zagaye na biyu. Dole ƙungiyar ta lashe amanta, ta ba shi sabon kwantiragi.

Bai tsaya nan ba fa. A 2021 littafin Wisden, kundin shekara-shekara na kurket, ya saka shi cikin gwanaye biyar na shekara. A shekarar kuma ya ci 190 a kan Glamorgan yana da shekara 45. Shi da abokin dukansa Miguel Cummins sun haɗa maki 166, amma na Cummins a ciki guda ɗaya ne tal. A 2022 Kent ta sake cewa tafiyar ta ƙare. Wannan karon ta ƙare ɗin, sai dai ya fita da kofi a hannu, bayan sun doke Lancashire a wasan ƙarshe na gasar yini ɗaya a filin Trent Bridge.

Ga inda labarin yake da ɗaci. Duk da maki sama da 16,000 da ya tara a manyan wasanni, da fitar da mutum kusan 600, Ingila ba ta taɓa saka shi a babbar tawagarta ba, ko sau ɗaya.

Kai da kake buɗe Instagram ka ga ɗan shekara 22 da mota da gida, ranka ya ɓaci, yi tunani a kan wannan. Mutumin nan ya yi shekara 25 yana aikin da duniya ba ta cika kallo ba, kuma abin da aka fi saninsa da shi bai zo ba sai bayan 40. Ba kowane mai ƙoƙari ne zai samu kiran da yake jira ba, wannan gaskiya ce. Amma da ya tsaya a duka kawai bai koyi jifa ba, da wuya ya kai wannan shekarun a fili.

To kai, wace sana'a ta biyu kake koya yanzu?